Daga Degel Zuwa Gudu Ta Kalmalo: Hanyar Da Ke Jiran Jagora

A watan Zulƙida na shekara ta 1218 bayan Hijira, wato Fabrairun 1804, wani ayari ya ratso ta Kalmalo. Akwai raƙuma da kaya niƙi-niƙi, amma masu tafiyar ba fatake ba ne. Malamai ne da almajiransu, da mata masu goyo, da tsofaffi, ga dabbobi a biye, kuma cikin kayan da raƙuman suka ɗauko har da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Jama'a ce ta baro Degel bayan zama ya gagara tsakaninta da Sarkin Gobir Yunfa, tun daga rikicin mutanen almajirin Shehu Abdussalami na Gimbana. Aliyu Jedo da Mahmudu Gurdam da wani malami Ba'abzine mai suna Agali suna cikin waɗanda suka taimaka aka kwashe mutane da kaya.

Masu rubuta tarihin jihadi sun ajiye mana sunayen wuraren da aka bi: daga Degel sai Kwaren Gezo, sai Demba, sai Kalmalo, sai Farkaji, sai Ruwawuri, kana Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a a gindin faru. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, tana 'yar shekara 10 ko 11 aka yi wannan tafiya da ita. Da ta girma ta tsara ƙaurace-ƙauracen jama'ar a waƙar da masu karatun ajami suka sani da Waƙar Gewaye.

Wanda ya shimfiɗa taswira zai lura da wani abu. Gudu tana yamma da Degel, amma ayarin bai miƙe yamma kai tsaye ba, sai da ya yi arewa ya taɓo Kalmalo tukuna. A ganina dalilai biyu sun isa su bayyana wannan kwana. Na farko ruwa: ƙarshen hunturu ne, rani ya kunno kai, kuma ba a kora dabbobi da yara ta inda babu mashaya, ga tafki a Kalmalo. Na biyu dangi: ƙasar Ƙonni ce mazaunin kakannin Shehu tun zamanin Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro, shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, can tsallaken iyakar yau. Mai gudun sarki ta gidan 'yan'uwa yake bi.

Yau mai zuwa Illela daga Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, hankalinsa yana kan kasuwar Lahadi, kan farashin shanu da albasa, kan jami'an da ke tsaye a bakin iyaka. Kalmalo tana nan gefe, 'yar tazara kaɗan daga garin. Ɗan makarantar da ya haddace ranar yaƙin Tafkin Kwatto, 21 ga Yunin 1804, don ya ci jarrabawa, zai iya wuce mararrabar bai san cewa ƙafar mutanen da suka yi yaƙin ta taka nan wata huɗu kafin ranar ba.

Abin da Peru ta yi da tata hanyar

A can Kudancin Amurka akwai wata hanya da duniya ke rububi a kanta. Daular Inka, wadda hedkwatarta ke Kusko a tsaunukan Andis na ƙasar Peru, ta shimfiɗa hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 30,000, waɗanda yau suka ratsa ƙasashe shida. Ba su da doki, ba sa amfani da amalanke, komai da ƙafa ake yi da kuma dabbar nan lama. Duk bayan tafiyar yini akwai masauki da rumbun abinci, kamar dai zangon fatakenmu. Mutanen Sifaniya ƙarƙashin Pizarro suka kama sarkinsu Atahuwalpa a 1532, daular ta rushe, daji ya rufe garuruwa da dama. Ɗaya daga ciki shi ne Macu Picu, wanda aka gina wajen 1450 zamanin sarki Pacakuti, a bisa tsauni mai tsayin mita 2,430. A 1911 wani malamin jami'a Ba'amurke, Hiram Bingham, ya kai labarinsa ga duniya. Ana yawan cewa shi ya gano wurin, alhali manoman yankin ne suka nuna masa hanya, wasunsu ma suna noma a cikin kufan.

Guntun hanyar da ya yi suna bai fi kilomita 43 ba, kwana huɗu ake yi a kansa. Ana hawa har mita 4,215 a mashigar da ta fi tsayi, inda numfashi ke sarƙewa kuma baƙo ke tauna ganyen koka kamar yadda 'yan ƙasa suke yi. Ana wuce kufai bayan kufai, a kwana cikin tanti, a ranar ƙarshe a tashi tun asuba a shiga Macu Picu ta Ƙofar Rana.

Duwatsun suna da ban mamaki, babu musu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da aka ɗora a kansu. Tun farkon shekarun 2000 gwamnatin Peru ta hana kowa bin hanyar shi kaɗai, dole sai da jagora mai lasisi. Mutum 500 kacal ake bari su shiga a rana, kuma kusan 300 daga ciki jagorori ne da masu dafa abinci da 'yan dako, baƙin ba su wuce 200 ba. Doka ta ƙayyade nauyin da ɗan dako zai ɗauka, kilo 20, ana kuma auna kayan a ƙofar shiga. Kowane watan Fabrairu ana rufe hanyar ɗungurungum don gyara, saboda lokacin damina ce a can. Izinin shiga kan ƙare watanni kafin ranar tafiya.

'Yan dakon nan manoma ne daga ƙauyukan kan tudu masu magana da harshen Kecuwa, masu noman dankali da kiwon alfaka. Wanda bai sami izinin babbar hanya ba sai ya bi ta kwarin Lares, inda ake ratsa ƙauyukan da kansu, a sayi saƙar matan gari, a kwana a filin makaranta ko bayan gidan wani. Kada a ɗauka aljanna ce. Kamfanonin Kusko da na ƙasashen waje ne ke kwashe kaso mafi tsoka, 'yan dako sun sha yin zanga-zanga kan lada da nauyin kaya, kuma akwai ƙauyukan da yara suka koyi miƙa hannu ga baƙo kafin su koyi karatu. Duk da haka, tsohuwar hanya tana ciyar da dubban gidaje, kuma domin tana ciyar da su ba wanda ke kwashe duwatsunta ya yi harsashin ɗaki.

Surame, sa'ar Macu Picu

Wani zai ce ai mu ba mu da abin nunawa irin wannan. Wanda ya faɗi haka bai je Surame ba.

Lokacin da Inka ke kan ganiyarsu, Muhammadu Kanta yana yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye, wajen 1516, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas an yi saɓani kan ganima. Ya kafa daular Kabi, ya gina Surame ta zama birninsa. Kufan yana nan a yankin Binji da Silame, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 9. A ƙasar da aka saba gina ganuwa da jar ƙasa, Kanta da dutse ya yi tasa, zagaye bayan zagaye, ga ƙofofi, ga gurbin fada. Labaran da ake bayarwa kan ginin sun isa su riƙe mai sauraro yini guda. Ana cewa duk ƙasar da ke ƙarƙashinsa sai da ta aiko da ma'aikata, an ba kowa nasa yanki. Nufawa da suka makara aka ce su kwaɓa nasu da man kaɗe a maimakon ruwa. Abzinawa kuwa aka sa su ɗauko ruwan aikinsu a kan raƙuma tun daga nesa. Ko an yi haka ko ba a yi ba, labarin yana nuna yadda talakawan zamanin suka ɗanɗani mulkin Kanta. An bar birnin a farkon ƙarni na 18 da sarauta ta koma Birnin Kabi. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da sunansa jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Yana nan a layin jira.

Gabas kuma akwai Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a 1808 aka kashe Yunfa a ciki. Akwai Degel ita kanta a ƙasar Gwadabawa, da Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, da Satiru wadda Turawa suka shafe a 1906. Duka a jiha ɗaya, ta Sakkwato.

Tsaunuka dai ba mu da irin na Andis, kuma ba sai an yi ƙarya ba. Ƙasar Kalmalo shimfiɗaɗɗiya ce, sai tuddan marmara nan da can. Amma da an tsallaka Ƙonni aka nufi arewa maso gabas an shiga Adar, ƙasar duwatsu da kwazazzabai, ta wajen Buza da Keita da Tawa. Ƙauyuka a gindin tsauni, manyan rumbunan ƙasa masu tumbi da suka fi ɗakunan kwana girma, gonakin albasa kore shar a cikin kwari alhali saman dutsen ƙurmus. Kusa da Ƙonni akwai Masallata, inda har yanzu ake taruwa shekara-shekara don al'adar arwa ta duba abin da damina za ta zo da shi. A kwarin Majiya akwai layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 don kare gonaki daga iska, a Keita kuma aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata ne suka yi mafi yawan dakon duwatsunsa. Ita ma Ƙonni tana da tabon da ba ta manta ba, kisan gillar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi a 1899.

Wannan kwari na Majiya shi ne igiyar da ta ɗaure Adar da Kalmalo, domin ruwan da ya gangaro daga duwatsun can a tafkin nan yake ƙarewa. Ko kuwa a ce a nan yake ƙarewa a da. Farin shekarun 1970 da 1980, da yashi da ke cike gindin tafkin, da madatsun Mozage da Zango da Nijar ta gina don noman ranin Ƙonni mai faɗin sama da hekta 2,000, sun haɗu sun rage abin da ke isowa. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, har da wannan. Masuntan Kalmalo da manoman ranin da suka ga shekarun da tafkin ya ƙafe ƙaf su ne za su faɗi ko takardar ta kawo ruwa. Jagoran da zai tsayar da baƙi a bakin tafkin yana da labari biyu a hannu, na 1804 da na yau, kuma na yau ɗin ya fi ciwo.

Jagoranci ba baƙon abu ba ne a nan

Sana'ar kai mutane tafiya mai nisa da ƙafa tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai yanke shawara da biyan fito, yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, yana da uban dawaki. Ilimi ne da ake gado: wace rijiya ke da ruwa a wane wata, wane sarki ake gaisarwa da me, ina ake kwana ina ba a kwana.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da maganarmu. Tsarin 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa tafiyar ƙafa ce mai jagora. Jaji, dattijuwa amintacciya da aka naɗa wa malfa da jan rawani, ita ke tattaro matan ƙauye da 'yan mata, ta biyo da su ta daji har wurin malama, su ɗauki karatu, su kawo sadakar hatsi da man shanu da zare, ta mayar da su gida lafiya. Bayan rasuwar Asma'u a 1864 al'adar ba ta mutu ba. Har gobe mata na zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyukan Nijeriya da Nijar, sai dai yanzu a mota.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara lissafi da Bature mai jakar goyo da dala a aljihu. Masu bin hanyar Degel zuwa Gudu, in an buɗe ta, 'yan gida ne: ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojin ilimi, makarantun Islamiyya, 'yan sakandare lokacin hutu, masu ziyara daga Adamawa da Ilorin da Maraɗi, har da zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan 1903 suka zauna a Mai Wurno ta Sudan. Kuɗinsu ba shi da yawa, amma kuɗi ne da zai tsaya a ƙauye: mai amalanken da zai ɗauki ruwa da tabarmi, mai fura, mai tuwon dare, dattijon da zai nuna inda aka sauka. Lokacin ma ya dace. Watan da Peru ke rufe tata hanyar saboda ruwan sama shi ne watan da aka yi hijirar, sanyi bai gama tafiya ba, zafin bazara bai sauko ba.

Akwai wata magana da ba a son taɓawa, amma dole a taɓa. Ba kowa zai yarda a kira bin sawun Shehu yawon buɗe ido ba, kuma ba kowa zai yarda a kira shi ziyara ba. Wani na ganin ɗiban ƙasar kabari da neman tabarruki bidi'a ce da Shehun da kansa ya yi wa'azi a kanta. Wani na ganin hana shi raini ne ga waliyyai. Gobirawa ma suna da nasu karatun na 1804, wanda ba a cika jin sa a Sakkwato ba, kuma su ma 'yan jihar ne. Jagoran da zai yi wannan aiki sai ya iya bakinsa. Ya faɗi abin da littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ya kawo, ya faɗi abin da tsofaffin gari suka ji daga kakanninsu, ya bambanta su, ya bar wa kowa aƙidarsa. Irin wannan horo ne Peru ke ba jagororinta shekaru kafin ta miƙa musu lasisi, kuma a nan ma ba a wurin ɗan acaɓa za a tsince shi a banza ba.

Maganar da ta fi kowace nauyi

Duk wannan zance ne a inuwa muddin ba a iya kwana a daji. Gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, 'yan bindiga sun tashi garuruwa, sun ɗora wa wasu haraji. Yamma kuma, daidai inda hanyar hijira ta nufa, Tangaza da Gudu har zuwa Binji da Silame, nan ne Lakurawa suka yi sansani, ƙungiyar da hedkwatar tsaro ta fito ta ambata a Nuwamban 2024 bayan mutanen yankin sun shekara da shekaru suna kuka da ita. Ba mai hankalin da zai ɗebi 'ya'yan mutane ya nufi Gudu da ƙafa a wannan hali. Iyakar ma ba ta da tabbas. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Illela a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Tafiyar ƙafa ita ce sana'ar da ke fara mutuwa idan bindiga ta shigo. Sukur a tsaunukan Mandara na Adamawa, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta amince da shi a 1999, yana da hanyar dutse shimfiɗaɗɗiya da ake hawa zuwa fadar Hidi, sarkin wurin, ga gonaki hawa-hawa a jikin tsauni. Boko Haram ta kai masa hari a 2014, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ƙasar Dogon a Mali, inda samari da yawa suka rayu da kai baƙi ƙauye-ƙauye a gindin dutsen Bandiyagara, ta zama kufan kasuwa tun rikicin 2012. Jagororin Agadas da suka san kowane lungu na Abzin sun ga irin wannan.

Sai dai ita ma Peru ta bi ta nan. Daga 1980 ƙungiyar Sendero Luminoso ta jefa ƙauyukan tsaunuka cikin yaƙin da hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta ƙiyasta ya ci rai kusan 69,000, akasarinsu manoma masu jin Kecuwa. A 1986 an tayar da bam a jirgin ƙasan da ke kai baƙi Macu Picu. Sai bayan kama shugaban ƙungiyar a 1992 kasuwar ta farfaɗo. Abin da ya taimake su shi ne masana sun auna sun zana sun rubuta, don haka da ƙura ta lafa hanyar tana nan a takarda, kowane kufai da sunansa.

Nan ne namu aikin yake, kuma ba ya jiran zaman lafiya ya kammala. Sunayen zangunan suna cikin littattafai, amma ainihin gurbinsu yana cikin kan tsofaffi: wace fadama, wace tsohuwar rijiya, wane garin ne ya tashi ya koma gefen titi ya bar kufansa. A 2004 an yi gagarumin bikin cikar daular da Shehu ya kafa shekara 200 a Sakkwato, an yi jawabai da hawan daba, dattawan da suka halarta da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, daga Illela ta tashi ta yi kudu maso yamma. Da wuya ta kauce wa ƙasar da ayarin ya taka, kuma katafila ba ta tambayar tarihin tudu kafin ta baje shi.

Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, suna da mutanen da za su iya. Ɓangaren Degel zuwa Kalmalo, wanda ke kusa da babban titi, shi ya kamata a fara da shi. Abin da ake bukata bai fi mota ɗaya ba, da na'urar ɗaukar magana, da wayar da ke nuna wuri a taswira, da takardar gabatarwa daga fadar Sarkin Musulmi zuwa ga hakimai da dagatan da hanyar ta ratsa ƙasarsu.